Shawarwari Ga Iyaye Kan Karatu Da Rubutun Ƙananan Yara

Sa'o'i kaɗan yaro ke yi a aji, sauran yinin a gida yake. Saboda haka aikin ya fi ƙarfin malami shi kaɗai, kuma ko mahaifiyar da ba ta yi boko ba akwai gudummawar da za ta bayar.

1. A yawaita hira da tatsuniya. In kaka ta gama labarin Gizo da Ƙoƙi, a sa yaro ya maimaita da bakinsa, a tambaye shi abin da ya sa Gizo ya yi kaza. Yaron da kunnensa ya saba da kalmomi ya fi saurin gane su a takarda.

2. A fara da Hausa, domin yadda ake faɗinta kusan haka ake rubuta ta. A koya masa wasula biyar, a, e, i, o, u, sannan haɗa baƙi da wasali: ba, bi, bu. Daga nan ya haɗa "ka" da "za" ya karanta "kaza". A kula da ɓ, ɗ da ƙ tun da wuri, kada ya riƙa rubuta "kafa" a maimakon "ƙafa".

3. A ware minti 15 kullum, misali bayan sallar magariba. Uba, yaya ko kawu ya karanta masa a bayyane yana bin layi da yatsa. Labaran Magana Jari Ce na Abubakar Imam sun dace da wannan zama.

4. Rubutu ba sai da littafi ba. Yatsa a kan rairayi, gawayi ko alli sun isa. Ya fara da sunansa, in hannu ya faɗa a ba shi rubuta jerin cefane.

5. In yana zuwa makarantar allo, a nuna masa cewa Larabci da ajami daga dama suke farawa, boko kuwa daga hagu. Juya harafi a farkon koyo ba daƙiƙanci ba ne.

6. A daina duka da gori a kan kuskure, tsoro yana hana yaro buɗe baki. In yana kanne ido ko ba ya jin kira sosai, a kai shi asibiti a duba shi.

7. A riƙa leƙa makaranta ana tambayar malami inda aka tsaya. Kuma kada talla ko aikin gida su cinye lokacin 'ya mace.

Iyaye, ku zaɓi ko guda biyu daga ciki ku fara yau da daddare.