Kuɗi, Kimiyya da 'Yancin Jama'a: Darasi Daga Lyon da Paris

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ina so mu duba yadda kuɗi suka jawo ilimi da dimokuraɗiyya a nan Faransa.

Mu fara da Lyon. A 1463 Sarki Louis na 11 ya ba garin izinin cin babbar kasuwa sau huɗu a shekara, attajiran Italiya masu hada-hadar kuɗi suka yi ta kwararowa. A 1473 wani ɗan kasuwa, Barthélemy Buyer, ya zuba jarinsa aka kafa maɗaba'a ta farko a garin. Littafin da a da sai mai hali ke sa a kwafa masa da hannu, ya fara isa ga mutane da yawa.

A Paris kuwa, Colbert, mai kula da baitulmalin Sarki Louis na 14, ya kafa majalisar masana kimiyya a 1666, ana biyansu don su duƙufa kan bincike. Haka Halifa Ma'amun ya riƙe malamai a Bagadaza, har Al-Khawarizmi ya rubuta littafin aljabara don sauƙaƙa rabon gado da ciniki.

To, ina dimokuraɗiyya ta shigo? A 1789 bashi ya yi wa gwamnati katutu, musamman bayan ta taimaki Amurka a yaƙinta da Ingila. Dole Sarki Louis na 16 ya kira wakilan jama'a zuwa Versailles ranar 5 ga Mayu, karon farko tun 1614. Shi kuɗi yake nema, su kuwa suka ce ba haraji sai da yardarsu, kuma sai sun san inda ake kashe shi.

Amma kada mu ɗauka komai lafiya lau ne. Lavoisier, masanin da ya raɗa wa iskar oksijin suna, da ribar karɓar haraji ya sayi kayan bincikensa, harajin da talakawa suka tsana. A 1794 aka fille masa kai. Mata kuma ba su sami 'yancin zaɓe ba sai 1944.

Ni abin da na fahimta shi ne, ilimi ba ya tsayuwa sai da mai ɗaukar nauyinsa, kuma wanda ya biya yana da haƙƙin tambaya. Iyayenmu da ke tara kuɗin wannan makaranta, ku riƙa tambayarmu me muka koya. Mu kuma mu tanadi amsa.