Albasar Galmi da wayar salula

Galmi garin albasa ne, cikin jahar Tawa. Daga nan manyan motoci ke kai ta Akara da Abijan. A da, ɗan kasuwa bai san kuɗin buhu a can ba sai ya isa. In ya iske kasuwa ta faɗi, tilas ya saida da hasara, don albasa ba ta jira, ruɓewa take yi.

Salula ta shigo Nijar a shekarar 2001. Yanzu, kafin a yi lodi, yakan kira dillalinsa ya ji labarin kasuwa. Ya aika hoton kaya ta WhatsApp, a yi ciniki. Amma hoto ba ya nuna ruɓaɓɓiyar albasar ƙasan buhu. Don haka mai saye yakan sa wani nasa a Galmi ya kwance buhu ya duba.