Hargitsin Filazma a Samaniyar Kaduna: Taƙaitaccen Nazari

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda maganaɗisu ke sarrafa hargitsi a cikin filazma, tare da kafa hujja da abin da ke wakana a samaniyar Kaduna bayan faɗuwar rana.

1.0 Gabatarwa

Filazma iska ce da zafi ko hasken rana ya wargaza ƙwayoyin zarrarta har ta ɗauki cajin lantarki. Hargitsi kuwa shi ne irin juyin da ake gani a Kogin Kaduna da damina: babban juyi ya haifi ƙanana, su ma su haifi waɗanda ba su kai su ba, har ƙarfin ya rikiɗe ya koma zafi. Kolmogorov ne ya fitar da lissafin wannan tsari a shekarar 1941.

2.0 Tasirin Maganaɗisu

Ruwa yana juyawa ta kowace fuska, amma filazma a ɗaure take da layukan maganaɗisu. Alfvén ya nuna a 1942 cewa motsi yana bin waɗannan layuka tamkar yadda yake bin tsirkiyar garaya. A 1995 kuma Goldreich da Sridhar suka bayyana cewa juyin filazma miƙewa yake yi bisa tsawon layukan, ya tsuke ta gicciyensu.

3.0 Samaniyar Kaduna

Kaduna tana kusa da ikwaitar maganaɗisu, inda layukan ke kwance daga kudu zuwa arewa. Bayan magariba, filazmar ƙasan ayonosfiya takan ragu, sai mai kauri ta zauna bisa marar kauri a tsayin kimanin kilomita 300. Wannan zama ba ya ɗorewa. Kumfa kan ɓullo ta yi sama, ta miƙe bisa layukan, sannan ta tsattsage. Saƙon GPS da ya ratsa ta yakan yi rawa ko ya yanke, musamman idan ayyukan rana sun tsananta a zagayensu na kimanin shekara 11. Matuƙin jirgin da ke shirin sauka Kaduna da dare yana cikin waɗanda abin ya shafa.

4.0 Kammalawa

Tun zamanin binciken Onwumechili a Ibadan aka san darajar samaniyar Nijeriya a wannan fage. Abin da ya rage wa ɗaliban fiziya na Kaduna shi ne awo dare bayan dare, domin da shi ne za a iya hasashen daren da kumfar za ta taso.