Ga Mai Ɗaukar Hoto Daga Unguwar Gai

Ɗan'uwa, idan akwai mai ɗaukar hoton da aikinsa yake burge ka, zaɓi hotunansa goma ka zauna da su kamar mai bitar karatu. Ta ina hasken ya shigo? Taku nawa ne tsakaninsa da wanda ya ɗauka? A tsaye yake ko ya durƙusa?

Ni dai aikin Fati Abubakar nake nuna wa matasa. A 2015 ta fara ɗaukar rayuwar Maiduguri a shafinta na Bits of Borno, lokacin da duniya ba ta jin komai daga can sai tashin bam. Ita kuwa 'yan kasuwa ta nuna, da 'yan makaranta, da masu biki. Takan yi hira da mutum, sannan ta rubuta ɗan labarinsa a ƙarƙashin hoton. Wannan kusancin da haƙurin su ne abin ɗauka a wurinta.

Sai ka fita da su gida: masussukar dawa da kaka a Kibiya, kasuwar Rano, duwatsun Rurum, masunta a bakin madatsar ruwan Tiga. Fita kafin hantsi ko bayan la'asar, domin ranar tsaka tana ƙone fuska.

Ka yi sallama, ka nemi izini, musamman wurin mata da dattawa. In an ƙi, mayar da wayarka aljihu. In an yarda, nuna wa mai hoton hotonsa kafin ka wuce.