Tsutsar haƙori

A Gangara, in haƙorin yaro ya yi rami, sai a ce tsutsa ce ta ci shi. Amma babu tsutsa cikin haƙori.

Yaro yana da haƙoran nono 20. Wajen shekara 6 yakan fara famfara, na girma su tsiro. Babban mutum yana da haƙora 32. In ɗaya ya fita, ba ya sake tsirowa.

Me ke kawo ramin?

Cikin bakin kowa akwai ƙwayoyin cuta ƙanana, waɗanda ido ba ya gani. Abincinsu zaƙi ne. In yaro ya sha alewa, ko rake, ko shayi mai sukari, saura yakan maƙale tsakanin haƙora. Ƙwayoyin su ci, su fid da wani ruwa mai tsami. Tsamin nan ne ke cinye farin bayan haƙori kaɗan kaɗan. Da fari farin ɗigo ne, sannan ya yi baƙi, ba ciwo. Daga nan rami ya buɗe, ruwan sanyi ya riƙa tsirawa. In ramin ya kai jijiya, kunci ya kumbura, yaro ya kasa barci, ya kasa zuwa makaranta.

Rigakafi

1. A goge haƙora da safe, da kuma kafin kwanciya, da asuwakin bedi ko buroshi.
2. A kurkure baki bayan cin abinci.
3. A rage tsotson alewa tsakanin abinci.
4. Kada a sakace da allura ko ƙarfe.
5. In an ga baƙin ɗigo, a tafi gidan likita tun da wuri.

Fulor

Cikin man goge baki akwai wani sinadari da ake kira fulor. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori. Amma kome ya yi yawa ɓaci yake. A Tibiri, kusa da Maraɗi, tsakanin 1985 da 2000, ruwan famfo ya ƙunshi fulor fiye da kima. Haƙoran yara da yawa suka rine, ƙasusuwan wasu suka lanƙwashe. Saboda haka yaro ya sa man kaɗan, kamar ƙwayar wake, ya tofar, kada ya haɗiye.

Tambayoyi

1. Haƙora nawa babban mutum gare shi?
2. Ina tsamin da ke cin haƙori yake fitowa?
3. Don me ake tofar da man goge baki?