Kalangu da Mamman Shata

Idan ana biki a Ƙofar Sauri, ko a wata unguwa ta birnin Katsina, da wuya a watse ba a ji kalangu ba. Asalinsa kiɗan mahauta ne. Makaɗi yakan riƙe shi a hammata. In ya matse tsarkiyoyinsa sai muryarsa ta yi sama, in ya sassauta sai ta yi ƙasa. Shi ya sa ake cewa kalangu yana magana.

Ba wanda ya ɗaukaka kalangu kamar Alhaji Mamman Shata. An haife shi a Musawa cikin 1923. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, gama ba gadon gidansu ba ce. Da fari tallan goro da alewa ya yi, har waƙa ta rinjayi talla. Shi ke rerawa, makaɗa suna bin muryarsa, 'yan amshi suna karɓa. Cikin 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu cikin 1999.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai makaɗi ya sami daraja ba. Bayin da aka kwashe daga Afirka sun tafi da kiɗansu tsibirin Kuba. Wani jikansu, Mongo Santamariya, ya koma Amurka cikin 1950, ya shahara da kaɗa ganga da tafin hannu.

To, yara, kada ku raina sana'ar kowa.