Darasin Fiƙihu: Hukuncin Ɗaukar Mai Saran Itace Aiki

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, abin da ya jawo wannan darasi wata ƙara ce da aka kawo mini bayan sallar la'asar. Wani magidanci na da dogon yaro a ƙofar gidansa, reshe ɗaya ya kwanta bisa katangar maƙwabci. Sai ya kira samari biyu ya ce su rage, ladansu shi ne abin da suka sara. Ya tafi kasuwa. Ko da ya komo, sai ya tarar da kututture tsirara, ga katangar maƙwabcin ta tsage inda reshen ya faɗa. Samarin sun ce ba a iyakance musu ba. Maƙwabci na neman gyara. Tsofaffin da suka shekara ashirin suna hutawa a gindin itacen sun koma bin inuwar bango.

A wani gari wannan ƙaramar magana ce. A Arlit kuwa ba haka ba. Garin da aka kafa a 1969 saboda ma'adinin uraniyom, a filin da ruwan samansa ba ya kai milimita 100 a yawancin shekaru, kusan duk wata inuwa da ke cikinsa wani ne ya dasa ta, ya shayar da ita da ruwan da aka jawo daga ƙarƙashin ƙasa. Tun da aka rufe ma'adinin COMINAK na Akokan ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan magidanta suka rasa aiki, masu neman na cefane da ƙarfin damtse suka ƙaru, itacen girki kuma kuɗi ne. Don haka wajibi ne mu san hukunci kafin gatari ya hau.

Ku sani Shari'a ba ta hana sara gaba ɗaya ba. Imam Muslim ya ruwaito labarin mutumin da ya samu Aljanna saboda ya kawar da itacen da ke cutar da masu wucewa a hanya. Abu Dawuda kuma ya ruwaito narko mai tsanani a kan mai sare magarya, ya bayyana cewa ana nufin magaryar daji wadda matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta, wani ya sare ta a banza. Ma'aunin dai shi ne cuta da amfani. Mu mutanen jihar Agadas ba mu buƙatar dogon sharhi a nan: itacen Tenere ya tsaya shi kaɗai a hamada yana nuna wa ayarin gishiri hanya, har wata babbar mota ta kayar da shi a 1973. Gangar jikinsa na gidan tarihi na Yamai, a gurbinsa kuma ƙarfe ne ke tsaye, wanda bai taɓa yi wa kowa inuwa ba.

To, mu koma ga ƙulla yarjejeniya. Ɗaukar mai sara ijara ce, ijara kuwa a mazhabar Imam Malik ƴar'uwar ciniki ce: tilas aiki ya zama sananne, lada ta zama sananniya. Kalmar "rage mini" ba ta isa ba. Ka tsaya da shi a gindin itacen, ka nuna reshen da za a cire, in da hali ka yi masa alama da gawayi. Ku yanke kuɗi tun da fari, jika biyu ne ko biyar. Ku ambaci wanda zai kwashe ganye da ƙaya daga hanya, da wanda itacen da aka sara zai zama nasa.

Biyan lada da itace shi ne wurin da ƙafa ke zamewa. Shehu Halil, a babin ijara na Muhtasar, ya lissafa biyan mai fiɗa da fatar dabbar da zai feɗe cikin ijarar da ta ɓaci, amma ya halatta a ba mai girbi rabin gonar da aka nuna masa, domin idonsa na ganin abin da zai samu. A fahimtata, in aka nuna rassa uku aka ce ɗaya nasa ne, ba laifi. In kuwa aka ce duk abin da ya sara nasa ne, an shigar da jahilci a cikin lada, kuma an sa riba ta bi yawan ɓarna. Kowane sara guda ƙarin kuɗi ne gare shi, ina zai ga wurin tsayawa? Laifin magidancin nan ya fi na samarin, na kuma faɗa masa haka.

Game da lamuni, asali ɗan ƙwadago amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya ƙetare umurni ko ya yi sakaci. Wanda ya saki babban reshe bisa katanga ba tare da ya ɗaure shi da igiya ya sauke a hankali ba, ya yi sakaci, gyara na kansa. Wanda kuwa ya gama aikinsa yadda aka yi alkawari, a biya shi nan take. Buhari ya ruwaito cewa mai cin ƙarfin ɗan ƙwadago ya hana shi lada na cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama.

Shi maƙwabci, malamanmu sun ce ana yanke abin da ke cutar da katangarsa in itacen ya zo bayan katangar. In ya riga ta, akwai zance biyu. Sun kuma ce mai hawan dabinonsa ya sanar da maƙwabta kafin ya hau, don iyali su suturta. A unguwanninmu da katangu ke gajeru, wannan ladabi ne da aka manta. Itacen masallaci kuwa hubusi ne, ladan ko liman ba shi da ikon bayar da shi kyauta. Haka nan hukuma na da hakki: dokar gandun daji ta 8 ga Yuni 2004 ta tsara saran itatuwa, kuma gawo da aduwa da goriba da bagaruwa na cikin waɗanda aka daɗe da karewa. A nemi izinin ma'aikatan gandun daji. Reshen da ya taɓa wayar lantarki kuma kada a tura yaro da adda, a kira masu wutar.

Wanda ya san aiki ana gane shi tun saran farko. Yakan fara tsaga reshe ta ƙasa, sannan ya yanke ta sama ɗan nesa da gangar jiki, nauyin ya sauka, daga baya ya gyara guntun da zarto kusa da kumburin da reshe ya fito, ba tare da ya ci kumburin ba, domin daga nan miki ke warkewa. In aka sara ta sama kawai, reshen yakan ɓalle ya salɓe ɓawo har ƙasa, gara da ruɓa su samu ƙofa. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganye a shekara. Kada a fille kan itace, tohon da ke biyo baya ba shi da ƙwari, iskar farko ke karya shi. Lokacin sanyi ya fi dacewa da aikin. A tsakiyar bazara rana na ƙona jikin da aka tone.

Ƙaramin dashe kuwa, irin wanda ake rabawa ranar 3 ga Agusta tun 1975, abu biyu ke kashe shi a nan: akuya da yayyafin ruwa. A kewaye shi da ƙaya ko tubali. A yi masa gurbi mai faɗi, a cika da yamma sau biyu ko uku a mako, don saiwa ta bi laima ta nutsa, maimakon ƴar buta kullum wadda ba ta wuce taki ɗaya. Ruwan alwala ya wadatar. Masallacin da ake jam'i biyar a cikinsa, in aka karkata magudanar wurin alwala zuwa gindin dashe, zai rayar da itace uku ko huɗu ba tare da an ƙara ko kwabo a kuɗin famfo ba. Sai dai a raba shi da ruwan makewayi da ruwan wanki mai yawan sabulu.

Allah ne Mafi sani.